Wai ba ƙonewa ta yi ba, "scorch" ne kawai

Maman Biyu: Jama'a ku taya ni ji. Shaddata ruwan toka da na ɗinka don bikin ƙanwata na kai wani shagon wanki da guga a unguwarmu, aka dawo mini da ita da shatin dutsen guga a kafaɗa, ja-ja kamar ƙanzon shinkafa, har ramukan ƙasan dutsen sun fito raɗau. Na tura wa mai shagon hoto, sai ya rubuto mini da Turanci wai ba ta ƙone ba, "scorch" ne kawai, su kuma abin da ya ƙone suke biya. Ni dai na ce 'yan boko ne suka ƙirƙiro kalmar nan don cin haƙƙin mutane. Ƙuna ƙuna ce. Mai ja ya fito.

Malamin Turanci: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma batun ƙirƙira babu shi, kalmar ta haura shekara 500 a bakin Turawan Ingila. Ana faɗinta idan zafi ya taɓa saman abu ya sauya masa launi bai cinye shi ba: tufa a ƙarƙashin dutsen guga, ciyawar da rana ta dafa, gindin tukunya. Ranar da aka kwala zafi ma "scorcher" suke ce mata. A nahawu dai mai shago bai yi kuskure ba.

Maman Biyu: Malam, nahawun zan saka ranar biki?

Ɗan Fawa: To ai babbaka ke nan. Me ya kawo dogon Turanci?

Malamin Turanci: A'a. Babbaka tana da tata kalmar, "singe". Ita gashi take ci, ko gashin kaza, ko bakin zare. Kan rago da ƙafafu da kuke ɗorawa a wuta bayan layya, gashin ya ƙanƙance, ƙauri ya cika gida, a kankare da wuƙa, wannan ne. Akwai kuma "sear", a ɗora nama a kasko mai zafin gaske bayansa ya soyu cikinsa da saura, da "char", abu ya yi baƙi ya zama gawayi. Kowace da matsayinta.

Badamagare: Hahaha! Mushe, kai hwa ka ce mi? Mu a lakkwal "singe" biri aka koya muna. Ashe biri kuke ci ranar Sallah a Kano.

Bakano Na Asali: Ga shi nan ya zo. Ana maganar manya, wanda ya yi karatu da Faransanci ya sa baki.

Malamin Turanci: Rubutu ne kawai ya zo ɗaya, furuci daban, asali daban. Birin Faransa daga Latin ya fito. Ta Ingila kuwa tsohuwar kalmarsu ce, "sengan", Jamusawa ma har yau suna da "sengen". Shi ya sa ake barin harafin e a rubuta "singeing", don kada ta rikiɗe ta koma "singing", wato waƙa.

Badamagare: Na bar muku birin. Amma wadda Hajiya ta kawo tamu ce, ba gardama. A Faransanci "écorcher" shi ne feɗe fata, tsohon rubutunta "escorchier". Cire e na farko ka karanta da ƙarfi. Tun da Normandawa na arewacin Faransa suka ci Ingila a 1066 Turanci ke ara wajenmu bai biya ba.

Bakano Na Asali: "Wajenmu" wai. Kun kori sojan Faransa a 2023, yau kuma kai ne lauyan harshensu?

Badamagare: Soja muka kora, ba ƙamus ba.

Malamin Turanci: Ɗan'uwa, sauti ya yi kama, ma'ana fa? Feɗa da wuƙa ake yi, ba wuta a ciki. Akwai wani littafin wa'azi na ƙarni na 12 da wani limamin Kirista mai suna Orm ya rubuta a gabashin Ingila, a ciki akwai "scorrcnenn" da ma'anar zafi ya busar da abu. Masana da yawa suna danganta ta da "skorpna" ta mutanen Arewacin Turai, kakannin 'yan Nowe da Danmak, wato abu ya yamushe ya motse. Mutanen nan sun zauna a wannan yankin na Ingila sosai, sun ci birnin York tun 866, kuma su suka bar wa Turanci kalmomin fata da ƙwai da sararin sama. Fatar da wuta ta lasa me take yi in ba yamushewa ba?

Badamagare: To ina p ɗin ya tafi? Kuma "ch" na ƙarshe daga ina ya faɗo, in ba daga tamu ba? Ita "escorchier" daga "cortex" na Latin take, ɓawon itace. Ɓawo saman abu ne. Kai da bakinka ka ce saman abu kalmar ke nufi. Ka kama kanka, Mushe.

Malamin Turanci: Manyan ƙamusoshi ma ba su yanke ba. Wasu na cewa ta Arewa ce ta Faransa ta gyara mata baki.

Badamagare: Alhamdu lillahi, ya fara saukowa.

Malamin Turanci: Ban sauko ba.

Lauya Ba Kotu: Ku dakata, ni ina bayan Hajiya. In har kalmar nan ƙaramar ƙuna ce kurum, me ya sa idan soja suna ja da baya suka ƙone gonaki da rumbuna da gadoji don kada abokin gaba ya samu ko ƙwayar hatsi ake ce wa abin "scorched earth"? A 1937 maganar ta shiga Turanci, lokacin yaƙin Sin da Japan, fassara ce daga Sinanci. Wannan ne "kaɗan" ɗin? Mai shago ya zaɓi ma'anar da ta yi wa aljihunsa daɗi ne kawai.

Malamin Turanci: Ƙasar ai tana nan ba ta ƙare ba, abin da ke samanta ne ya tafi. Hujjata ka ƙarfafa.

Lauya Ba Kotu: Shaddar ma tana nan, Malam. Ka saya mana.

Ɗan Tarihi: Ni "singe" ɗin can ta tuna mini. A 1587 Francis Drake, wani jagoran jiragen yaƙin Ingila, ya faɗa tashar jiragen ruwa ta Kadis a ƙasar Sifen ya ƙona jiragensu, aka riƙa kiran abin babbake gemun Sarkin Sifen. Wato an taɓa shi, ba a kashe shi ba. Shekara na zagayowa kuwa sai ga rundunar jiragen sarkin ta nufo Ingila.

Bakano Na Asali: Wa ya tambaye ka?

Anti Mai Abinci: Tunda an zo kan babbaka, Ɗan Fawa ka faɗa mana gaskiya, da itace kuke babbaka ganda ko da tsohuwar taya? Wadda na saya makon jiya sai da na wanke ta da soson ƙarfe, ruwan baƙi ƙirin, miyar kuma warin roba.

Ɗan Fawa: Anti ki iya bakinki. Gidanmu fawa muka gada, kaka da kakanni, da kara da itace muke yi. Masu taya ba mahauta ba ne, 'yan ci-rani ne.

Anti Mai Abinci: Kowa haka yake cewa, hayaƙin kuma baƙi yake tashi daga kwata kullum safiya.

Ɗan Fawa: Ke a naki shagon da wane mai kike suya? Kar a tona.

Anti Mai Abinci: Tona mana! In ka fasa ba ka cika Bafawa ba.

Maman Biyu: Ikon Allah. Ni fa tambayata ya biya ko kar ya biya.

Inna Ta Ƙofar Mata: 'Yar nan, laifinki ne. Wa ya ce miki ana kai shadda guga? Bugu ake kai ta. A yayyafa ruwa, a ninke, a ɗora bisa gungume, samari biyu su yi ta dukanta da tabarya har ta ɗau ƙyalli. Kakanninmu ba su san wata kalmar Turanci ta ƙunar guga ba don ba su ba wuta amanar tufafinsu ba. Ku yaran yanzu komai sai shago mai gilashi.

Badamagare: Inna ta yi gaskiya, amma masu bugun Zinder sun fi.

Bakano Na Asali: Tun zamanin Sarki Alu kuke neman shiga Kano ba ku samu ba, yanzu ta bugu za ku ɓullo?

Badamagare: Mun shigo tuni. Je ka Kwari ka ƙirga.

Lauya Ba Kotu: Malam bai amsa mini ba fa. Kuma ina zargin shi da mai shagon sun san juna, wannan kariya ta yi yawa.

Malamin Turanci: Subhanallahi. Ko unguwar ban sani ba. A janye maganar nan.

Lauya Ba Kotu: Zargi na ce, ban ce tabbas ba.

Bakano Na Asali: To, a matsayina na mai kula da zauren nan zan rufe, ga abin da aka cim ma. Ƙamusoshi ba su yanke ba, amma a wajena kalmar daga mutanen Arewacin Turai ta fito, Malam ya kawo littafi da shekara, ɗaya ɓangaren kuwa biri kawai ya kawo. Ni ban ga hannun Faransanci ba ko na sisin kwabo, shi kansa Badamagare ya ce ya bar mana. Maganar Lauya ta yaƙin Sin ba ta cikin darasi. An kuma yi ittifaƙi bugun Kano ba shi da na biyu. Rigimar ganda Anti da Ɗan Fawa su ƙarasa ta a waje. Na kulle sharhi, wanda bai gamsu ba ya buɗe nasa zauren da Faransanci.