Nina Simone: a wane fannin waƙa ya dace a ajiye ta, kuma me ya dusashe tauraronta a Amurka?

Zainabu:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san tarihin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka game da Nina Simone. Wasu suna kiranta mawaƙiyar jaz, wasu kuma suna sanya ta a sahun mawaƙan sol, alhali idan na saurari yadda take kaɗa piyano sai in ji wani abu da bai yi kama da ko ɗaya daga cikinsu ba. Haka kuma ina so in san ko ita take rubuta waƙoƙinta, da dalilin da ya sa ta ƙare rayuwarta a Faransa.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam, Malama Zainabu. Abin da kunnenki ya ji gaskiya ne, domin tun farko ba waƙa ta sa a gaba ba. An haife ta a garin Tryon na jihar Karolina ta Arewa a 1933, sunanta na yanka Eunice Waymon, kuma burinta shi ne ta zama ƙwararriyar makaɗiyar piyano a fannin kiɗan gargajiyar Turai, irin na su Bach, shahararren mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Jamus. Ta yi ɗan karatu a makarantar koyon kiɗa ta Juilliard da ke New York, sannan ta nemi gurbi a cibiyar koyon kiɗa ta Curtis da ke Philadelphia, amma ba a ɗauke ta ba, kuma har ƙarshen rayuwarta ta yi imani cewa launin fatarta ne ya jawo hakan.

Neman abin kai wa bakin salati ne ya kai ta wata mashaya a Atlantic City a 1954, inda mai wurin ya gindaya mata sharaɗin cewa sai ta haɗa kiɗan da waƙa. A nan ta laƙaba wa kanta suna Nina Simone, don kada mahaifiyarta, wadda mai wa'azi ce a coci, ta san irin wurin da take aiki. Duk da haka, horon piyano da ta samu bai taɓa barin yatsunta ba. Ki saurari "Love Me or Leave Me" a kundinta na farko, za ki ji a tsakiyar waƙar ta shiga salon Bach kai tsaye, hannun dama da na hagu kowanne yana bin hanyarsa. A ganina, duk wanda ya tsare ta a fanni guda ya rage mata daraja.

Hajiya Rabi:
Game da rubutu, yawancin waƙoƙin da ta rera wasu ne suka rubuta su, ita kuma ta sake musu fasali har suka zama tamkar nata. Amma waɗanda ta rubuta da hannunta su ne suka fi nauyi a tarihinta, kuma fafutikar neman 'yancin baƙar fata ce ta haife su. Bayan kisan Medgar Evers, ɗaya daga cikin jagororin wannan fafutika, a watan Yunin 1963, da harin bam da aka kai wani coci a Birmingham ta jihar Alabama a watan Satumba na wannan shekarar, wanda ya hallaka 'yan mata huɗu, sai ta rubuta "Mississippi Goddam" cikin tsananin fushi. Wasu gidajen rediyo a kudancin ƙasar sun ƙi sanya waƙar, har akwai waɗanda suka karya faifan suka mayar. Daga baya ta fitar da "Four Women" a 1966, sannan ta haɗa kai da makaɗi Weldon Irvine suka yi "To Be Young, Gifted and Black" domin tunawa da ƙawarta, marubuciya Lorraine Hansberry. Ni dai ina ganin waɗannan waƙoƙi ne suka sa masu harkar kiɗa a Amurka suka juya mata baya, ita ma ta faɗi haka da bakinta.

Malam Isuhu:
Hajiya, na yarda da ke cewa siyasa ta taka rawa, sai dai ba ita kaɗai ba ce. Aurenta da mijinta, wanda shi ne kuma manajanta, ya mutu a daidai lokacin da ta bar ƙasar a 1970, ga rikicin haraji da hukuma, ga kuma larurar ƙwaƙwalwa da ba a gano ba sai bayan shekaru masu yawa. Ta zauna a Barbados, ta koma Laberiya bisa gayyatar Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, sannan Suwizalan da Holan, kafin ta yada zango a kudancin Faransa, inda ta rasu a watan Afrilun 2003.

Abin da ya fi damuna shi ne batun haƙƙin mallaka. Ta sayar da haƙƙin kundinta na farko a kan dala 3,000 kacal, kuma daga cikinsa ne "My Baby Just Cares for Me" ta fito, wadda ta sake tashe a Turai a 1987 bayan an yi amfani da ita a tallar turaren Chanel. Waƙar ta dawo mata da masu sauraro da gayyata zuwa manyan dandamali, amma da yake ta riga ta sayar da haƙƙinta, ta yi asarar kuɗi masu yawa na cinikin faifan.