Koyar da nazarin laifuka a jami'a: gogewar aiki ta isa, ko sai da digirin digirgir?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum malamai. Mutum ne yake da digiri na biyu a nazarin laifuka da tsarin shari'a, ya kuma shekara goma yana aikin ɗan sanda ko na gidan yari, yanzu yana son ya koma jami'a ya koyar, ya yi bincike. Shin gogewarsa za ta tsaya masa a madadin digirin digirgir? In ba za ta tsaya ba, ta ina zai faro?

Malamin Tsangaya:
Wa alaikumus salam. Za ta shigar da shi aji, amma da wuya ta ba shi kujerar dindindin. Jami'o'i kan ɗauki tsofaffin jami'ai da lauyoyi a matsayin malaman wucin gadi, su koyar da kwas ɗaya ko biyu, kwantiragin ya ƙare da ƙarewar zangon karatu. A da can abin ba haka yake ba. August Vollmer, shugaban 'yan sandan Berkeley a Amurka, ya fara shirya darussan aikin ɗan sanda a Jami'ar Kaliforniya a 1916, daga baya ya zama farfesa ba tare da digiri ba. Wannan ƙofar yanzu kusan a rufe take.

Digirin digirgir ɗin ba dole ne ya zama na nazarin laifuka ba. Na ilimin zamantakewa, halayyar ɗan Adam ko kimiyyar siyasa duk ana karɓa, muddin kundin binciken ya shafi laifi, 'yan sanda, kotu ko gidan yari. Digirin lauya kaɗai zai sa a ba shi dokar laifuka da dokar shaida, amma ba hanyoyin bincike ba. Kuma kafin ya karɓi aiki ya tambayi kwas nawa zai ɗauka a zango. A Amurka jami'o'in bincike kan ba da biyu, masu fifita koyarwa har huɗu, sannan bayan kimanin shekara shida a duba rubuce-rubucensa kafin a tabbatar masa da kujera. Mai kwas huɗu da tarin takardun gyara, yaushe zai zauna ya yi rubutu?

Malama Mai Ƙididdiga:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni a ganina inda aka fi tuntuɓe shi ne samun bayanai. Ɗalibi zai tsara hira da fursunoni arba'in, bai san izini biyu ke gabansa ba: na kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, da na hukumar gidajen yari. Sau da yawa kowanne cewa yake sai ya ga takardar ɗayan, watanni su shuɗe ana jira. Maganinsa shi ne a fara karɓo wasiƙar amincewa bisa sharaɗi daga hukumar, a haɗa da takardun da za a kai wa kwamiti.

Fursuna ba kamar kowa ba ne wajen ba da yarda, domin wanda ke kulle zai iya cewa "na yarda" don tsoro ko kwaɗayin sassauci. Shi ya sa a Amurka doka ta ce dole kwamitin da zai duba irin wannan bincike ya ƙunshi fursuna ko wakilinsu. A takardar yarda a rubuta ƙarara cewa shiga ko ƙin shiga ba zai taɓa hukuncinsa ba, kuma in gandiroba na tsaye a bakin ƙofa yana ji, hirar ta tashi a banza.

A yi yarjejeniya a rubuce kan wa ke da bayanan, da 'yancin wallafa sakamako ko da bai yi wa hukumar daɗi ba. Alkawarin baka yakan bi shugaban da ya yi shi ranar da aka canza masa wurin aiki. A kuma tanadi mafita: bayanan da aka riga aka tattara, kamar binciken waɗanda aka yi wa laifi da Amurka ke yi tun 1973, Ingila tun 1982. Ya koyi manhajar ƙididdiga irin su R, Stata ko SPSS tun shekarar farko. Ya kuma sani cewa alƙaluman 'yan sanda na nuna abin da aka kai ƙara ne kawai. In aka buɗe sabon layin waya na kai rahoto sai adadi ya tashi, wannan bai nuna laifin ya ƙaru ba.

Mai Neman Sani:
Na gode, Malama. To fayilolin da ya sani tun yana aiki fa, zai iya amfani da su a kundinsa?

Tsohon Edita:
A'a, ɗan'uwa, sai da sabon izini. Damar da ya samu a matsayin jami'i ta aiki ce, ba ta bincike ba, kuma mujallar kirki za ta tambayi amincewar kwamitin ɗa'a. Amfanin gogewarsa shi ne sanin tambayar da ta dace da kuma yadda ake cike rajista a zahiri. Amma ya shirya ganin bincike ya saɓa wa abin da ya saba ji a ofis. Gwajin da aka yi a birnin Kansas City na Amurka tsakanin 1972 da 1973 ya nuna ƙara ko rage sintirin mota bai kawo wani canji a zo a gani ba a yawan laifuka.

Batun wallafa kuwa, ya fitar da maƙala biyu ko uku daga kundinsa. Kowacce masana biyu ko uku ne za su tantance ta ba tare da ya san su ba, amsa takan ɗauki watanni, galibi kuma "gyara ka sake turowa" ce. Ya amsa kowane gyara ɗaya bayan ɗaya a wasiƙa daban. Kada ya tura wa mujallu biyu maƙala guda a lokaci ɗaya. Mujallar da ta yi alkawarin bugawa cikin mako guda in an biya kuɗi kuwa, ya duba jerin waɗanda jami'arsa ta amince da su kafin ya tura komai, domin kwamitin ƙarin girma yakan soke irinsu daga lissafi.