Anga ko turke: me za mu kira "anchoring" da Hausa?

Jama'a, ga kalmar wannan makon: anchoring. Masana halayyar ɗan Adam ne ke amfani da ita, kuma abin da take nufi shi ne yadda lambar da ta fara shiga kunnen mutum ke jan ƙiyasinsa zuwa wajenta, ko da babu abin da ya haɗa ta da tambayar.

A 1974 ne Amos Tversky da Daniel Kahneman suka wallafa gwajin da ya fito da ita fili. Sun riƙa juya wani faifai mai lambobi daga 0 zuwa 100 a gaban mutane, alhali an shirya shi ya tsaya a kan 10 ko 65 kawai. Daga nan sai a tambayi mutum: cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi nawa cikin ɗari ne na Afirka? Waɗanda faifan ya tsaya musu a 10, matsakaiciyar amsarsu 25 ce. Waɗanda suka ga 65 kuwa, 45. Kowa da idonsa ya ga faifai aka juya, amma lambar ta ja shi.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na Jamus, a 2006. Matasan masana shari'a da suka fara aikin alƙalanci aka ba labarin wata mata da aka kama tana sata a kanti, aka ce su jefa 'ya'yan lido biyu, waɗanda aka shirya su ba da 3 ko 9, sannan su faɗi hukuncin wata nawa za su yanke mata. Masu 3 suka tsaya wajen wata 5, masu 9 wajen wata 8. Alƙalai fa!

To, sunan. Wani ya ce mu ɗauki anga kawai, tunda ƙarfen tsayar da jirgin ruwa Turawan suka aro. Ban yarda ba. Mutum nawa ne a Katsina ko Maraɗi suka taɓa ganin anga? Ga shi kuma a rubuce za a riƙa karanta ta "an ga".

Wata 'yar uwa ta kawo "tasirin farashin farko". Ma'anar ta fito, ɗan kasuwa ma zai gane nan take, domin duk wanda ya taɓa taya rago ana gobe Sallah ya san kuɗin da dillali ya fara ambata shi ke jan cinikin har a kai ga sallamawa. Sai dai sunan ya yi tsawo, kuma ya kulle abin a kasuwa. Wata 8 na alƙali ai ba farashi ba ne.

Ni turke na zaɓa. Akuyar da aka ɗaure tana yawo, tana kiwo, amma iyakarta inda igiya ta ƙare. Haka Tversky da Kahneman suka bayyana abin: mutum yakan matsa daga lambar farko, sai dai ba ya matsawa yadda ya kamata. Anga tsayar da jirgi take yi, turke kuwa yana barin ɗan zagaye, saboda haka a ganina tamu ta ma fi tasu dacewa.

An yi mini gyara mai kyau: idan aka ce "an turke shi", yawancinmu za mu ɗauka an tsare shi da tambayoyi ne. Gaskiya ne. Don haka mu bar wannan aikatau, mu riƙe suna. Lambar farko ita ce turke, halin kansa turken tunani, wanda ya fara jefa lambar kuma ya kafa turke. Sai a ce: "Kar ka bari dillali ya kafa maka turke, binciki farashi tun daga gida." Ko a ofis: "Albashin da suka fara ambata turke ne."

'Yan uwa na Damagaram da na zangon Kumasi, in akwai wata ma'anar turke a wajenku da za ta ɓata wannan, ku faɗa kafin mu shigar da ita jerin kalmominmu.