Wa ya taɓa zuwa awo alhali lafiyarsa lau?

Mai buɗe zance, Ali Ɗan Sofo: Salamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, ɓarin jiki ya shanye. Lokotoro ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta daɗe tana cin sa ba a sani ba. Ina son duk gidanmu mu je a auna mu, amma sai ce mini ake me ya kai mai lafiya likita. Wanda ya taɓa zuwa ba don ciwo ba, ya ba mu labari.

Tela, Bagalam: Allah ya ba Baba lafiya. Ni rakiya na yi zuwa farmasi, na miƙa hannu a gwada, sai ga 17 bisa 10. Ko ciwon kai ba na yi, wallahi. Aka ce daga 14 bisa 9 abin ya fara hawa, amma awo ɗaya ba ya yanke hukunci, sai na sake a wasu ranaku. Na sake, bai sauka ba. Yanzu ina kan ƙwaya kullum, uwargida ta rage gishiri da magi. Abin da ya fi mini wuya shi ne shan magani ba tare da jin ciwo ba; da yawa a nan suke dainawa.

Uwar yara, Tibiri: Mu emasi, wato sikila, ce ta koya mana. Ni AS, maigida AS, wato muna ɗauke da ita a jini amma ba ma ciwon, ba mu sani ba sai da ɗiyarmu ta biyu ta fara kumburin hannu da ƙafa tana jaririya. An yi mana bayani cewa a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi SS, wato mai ciwon. Ƙannena dai na ce babu wanda za a karɓar wa sadaki sai an yi gwajin jini na emasi.

Malamin makaranta, Zariya: Gaskiyarki, Hajiya. A haɗa da ciwon hanta. Jini na je bayarwa aka gano mini shi, aka auna iyalina, waɗanda ba su kamu ba aka yi musu rigakafi.

Ungozoma mai ritaya: Ɗana, ka fara da iyayenka mata, su ke jan sauran. Awon suga da safe ake zuwa kafin a ci komai. In ya kai gram 1,26 a litar jini a sake shi wata rana. Masu ciki kuma kada su tsallake awon ciki, can ake kama tansiyo kafin ta kai ga jijjiga.

Mai buɗe zance: Na gode, Inna. Asabar zan kai Hajiyarmu CSI, ƙaramin asibitin unguwa. Kafin awon sugan, ko ruwa ba a sha ne?

Ungozoma mai ritaya: Ruwa zalla ta sha. Koko da shayi ne sai an ɗebi jinin.