Batirin hidimar jirgin ruwa: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai Farin Jirgi: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ba batirin tayar da inji nake nufi ba, wannan lafiyarsa ƙalau. Ɗayan nake nufi, mai riƙe firji da fitilu da famfo idan mun saki anga mun kashe inji. Nawa na dalma ne mai ruwa a ciki, 100Ah guda biyu (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa), shekararsu uku. Yanzu tun kafin asuba firji yake ɗaukewa, ga iyali a ciki. In sake sayen irinsu, ko in koma litiyam?

Tsohon Matuƙi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Saiti biyu na kashe da hannuna kafin na gane. Batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa, wato 200Ah ɗin nan naka, 100 ne kawai rabonka. Ka bar shi ya huta babu komai a jone, sannan ka auna: 12.6V ko 12.7V cikakke ne, in ya sauko wajen 12.2V ya kai rabi. Ni kuwa sai in tatse shi sarai, in ɗaure jirgi mako uku ban yi caji ba. A wannan zaman ne wani farin gishirin dalma ke daskarewa a jikin farantan ciki, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta kamar da. Ruwa kuma tatacce nake ƙarawa, ba na famfo ba, ba asid ba. Ka bar wa akwatinsa mashigar iska, don iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta.

Maman Biyu: Mu mun koma litiyam, nau'in da ake kira LiFePO4, kuma ba mu yi nadama ba. Bai kai rabin nauyin na da ba, muna shan kusan kashi 80 hankali kwance. Amma Yaya, ka ji abin da ya same mu. Kai tsaye muka jona shi da altaneta, na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki. Litiyam zuƙar wuta yake ba ƙaƙƙautawa, inji na tafiya a hankali, sai ƙaurin ƙuna. Altaneta ta tafi. Sai da muka sa cajar DC-DC a tsakani, mai taƙaita wutar da batirin ke ja daga altaneta, aka zauna lafiya. Tsohuwar cajar da muke jonawa da wutar bakin gaɓa ma mun canza ta.

Mai Gyara: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma awon litiyam a mita kusan wuri ɗaya yake tsayawa har ya kusa ƙarewa, sai da na'urar ƙidayar abin da ya shiga da wanda ya fita za ka san inda kake. In kana inda ruwa ke ƙanƙara, kada a yi masa caji ƙasa da 0°C.

Tsohon Matuƙi: Na manta: kada ka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa.

Mai Gyara: Malam, kafin ka sayi komai duba kawunan batirin. An taɓa kirana kan batir wai ya mutu, ashe koren tsatsa ne ya ci kan, ga noti ya saki. Na goge, na ɗaure, na shafa giris, ya dawo daidai. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne babu fis ko ɗaya a jar wayar. A kan ruwa fa! Fis a kusa da kan batir ake sa shi.

Mai Farin Jirgi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ɗazu na leƙa, nawa ma babu fis. Da shi zan fara, sannan in auna abin da firjin ke ci a dare ɗaya.