Sayen sabuwar a-kori-kura asara ce?

Ɗan Kwangila: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganata, mai ja ya fito: duk wanda ya ɗauki kuɗinsa ya sayi a-kori-kura sabuwa fil don ya yi aiki da ita, ya tafka asara tun kafin ya fito da ita daga harabar kamfani. Ana rubuta sunanka a takarda ta zama ta hannu, kuma a shekarun farko ne mota ta fi zubar da daraja. To me zai sa in biya wannan faɗuwar? A bar wani ya biya, ni in karɓa bayan shekara uku ko huɗu. Motar da za a loda wa siminti da rodi da bulo, cikin mako guda bayanta ya kwarzane, ina amfanin ƙyallin fenti? Tun 1968 Toyota ke ƙera Hilux, kuma har yau akwai masu injin 22R da 5L suna jigilar kaya. Motar da ke irin wannan tsawon rai, shekara huɗu ba tsufa ba ne a wurinta.

Hajiya Mai Kaji: Wa alaikumus salam. Alhaji, ni ina da ja. Siminti ba ya mutuwa idan mota ta tsaya, nawa kayan kuwa yana mutuwa. Na taɓa ɗauko 'yan tsaki a wata ta hannu da aka rantse mini lafiyarta ƙalau. Da rana tsaka, a inda babu gari kusa, lagireto ya tafasa, gaskit ya ƙone. Ina tsaye a bakin titi ina buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya don su sha iska, suna haki baki a buɗe, wasu sun riga sun kwanta a kusurwar kwali. Kuɗin gyaran bai kai ko kusa da abin da na rasa a ranar ba. Tun daga nan sabuwa nake saya, in mora har garantinta ya ƙare, in sayar. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, wasu har shekara 5. Wannan kwanciyar hankalin nake biya.

Ɗan Kwangila: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma garanti ba ya hana mota tsayawa a hanya, gyara kawai yake biya. Ga shi da sharuɗɗa: sabis a kan lokacin da suka yanka, da irin man da suka ce, in kin saɓa su zame. Ba ya biyan taya, ba ya biyan birki, kuloci ma in ya cinye sai su ce laifin ƙafar direba ne.

Malam Akanta: Alhaji, ranka ya daɗe, hujjarka ta farko da ta ƙarshe suna cin juna. Ka ce sabuwa tana zubar da daraja, ka kuma ce a-kori-kura tana daɗewa. Daɗewar nan ita ce ke sa ba ta faɗuwa kamar ƙananan motoci. Kowa ya san tana da ƙarko, don haka mai sayar da 'yar shekara uku ba ya yin ragin kirki. Wani lokaci ratar da ke tsakaninta da sabuwa ba ta kai ta sa mutum ya haƙura da garanti ba. A 2021 da 2022, lokacin da aka yi ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa motoci, masana'antu suka rage ƙira, farashin na hannu ya yi tashin da ba a saba gani ba, har wasu suka kusa kamo sababbi.

Kuma farashin saye ba shi ne kuɗin mota ba. Ka ɗauki abin da ka biya, ka cire abin da za ka sayar da ita, ka ƙara mai, gyara, inshora, kuɗin ruwa in da bashi ka saya, sannan ka ƙara ranakun da ta kwana a gareji kana haya ko aiki ya tsaya. Na ƙarshen nan ne mutane ba sa rubutawa, shi ne kuma Hajiya take magana a kai. Inshorar sabuwa ta fi tsada, wannan naka ne. Amma masu ba da bashi sukan ɗora wa ta hannu ruwa mafi yawa, wannan kuma nata ne.

Akwai wani abu da masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi rubutu a kai a 1970, wanda yana cikin aikin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2001, kuma da kasuwar motocin hannu ya buga misali. Mai sayarwa ya san ciwon motarsa, mai saye bai sani ba. Saboda haka mai saye ke taya kowace mota da farashin mai shakka, shi kuma mai lafiyayyar mota ya ga ba a biya shi darajarta ba, sai ya riƙe abarsa. Waɗanda ke rububin sayarwa, da yawansu akwai dalili.

Ɗan Kwangila: Ba kowa ba, Malam. Kamfanoni da ma'aikatu suna sauya motocinsu a kan ƙa'ida, ko sun lalace ko ba su lalace ba. Ita kanta Hajiya ta ce da garanti ya ƙare take sayarwa. Irin motarta nake nema.

Baba Bakanike: To, kun zo inda zan sa baki. Alhaji, ka faɗi gaskiya a nan, amma ta rushe maganarka ta farko. Ka ce irin motar Hajiya kake nema. Ashe ke nan ba kowace ta hannu ba. Sabuwa abu ɗaya ce, ta hannu kuwa kowace da tarihinta, kuma tarihin kake saya. Motoci biyu 'yan shekara ɗaya, ƙira ɗaya, ɗaya ta yi rayuwarta tana kai injiniya ofis, ɗaya ta yi tata a ƙarƙashin lodin da ya ninka ƙarfinta. Yawancin irin su Hilux da D-Max da Ranger da L200 kusan tan ɗaya aka yi su su ɗauka. Ku faɗa mini mai a-kori-kura nawa ne ke auna kaya kafin ya loda.

Ni in aka kai ni duba mota, ba na fara buɗe bonet. Ƙasa nake shiga. A-kori-kura a kan shasi take zaune, dogayen ƙarafa biyu da 'yan gicciye a tsakani, bodi ɗora shi aka yi. Inji in ya mutu ana saukewa a sa wani, giya haka. Shasi in ya lanƙwashe ko tsatsa ta ci shi, motar ta gama, ko da injinta na kukan sabo. Ina shiga da tocila da ƙaramar guduma, in bi ƙarfen ina ƙwanƙwasawa, musamman wajen da sifirin na baya ya kama da tsakanin kai da akwatin kaya, inda nauyi ke karya ta. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tar, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ɓawon tsatsa na zubo maka a fuska. In na ga an shafe ƙasan da sabon baƙin fenti mai kauri, sai in ƙara natsuwa, don ba kasafai ake yi wa ƙasan mota kwalliya a banza ba. In na ga walda a jikin shasi, na fito ke nan. Sifirin da ya miƙe ya daina lanƙwasa, da robar da ke tare aksil in ta dagargaje, su ke ba ni labarin lodin da mai ita ba zai faɗa ba.

Kada ku ce tsatsa sai ƙananan kamfanoni. A 2016 Toyota ta amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 a Amurka kan shasin da ke tsatsa a Tacoma na 2005 zuwa 2010 da wasu Tundra da Sequoia. Ƙasashen da ke zuba gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, motarsu tana iya yin kyau a sama, ƙasa kuwa ta cinye.

Ƙaramin Direba: Baba, barka da ƙoƙari. To mita fa? Ni da ita nake fara dubawa.

Baba Bakanike: Ɗana, mita ita ce ta fi sauƙin yi wa ƙarya, ta allura da ta lantarki duka. Dubi robar feda, dubi sitiyari inda hannu ke kamawa, dubi gefen kujerar direba inda ake zamewa a sauka. In mita ta ce kilomita kaɗan amma robar kuloci ta cinye har ƙarfe ya leƙo, ka gaskata robar. Ka sa a jona na'urar bincike a soket ɗin OBD, wanda ya zama dole a motocin Amurka tun 1996 kuma yanzu kusan kowace mota na da shi. Ka duba lambar shasi mai harafi da lamba 17, ta jikin ƙarfe ta dace da ta takarda. Ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe, ka ɗaga kafet, in ka ga busasshen laka ko tsatsa a layin kujera, ruwa ya taɓa shanye ta, kuma wayoyinta za su yi ta ba ka wahala har ka gaji. Sannan takardun sabis. Injinan dizal na Toyota 1KD da 2KD bel ke juya taiminsu, ana sauya shi a kilomita 150,000. In babu shaidar an sauya, ka lissafa shi cikin kuɗin saye.

Ƙaramin Direba: Na gode Baba. Amma ni tsorona sababbin ne. Tsohuwar ko a ƙauye ta tsaya akwai mai kwance ta. Ta yanzu fitila ɗaya in ta kama a dashbod, sai ta rage gudu da kanta, ba mai taɓa ta sai mai kwamfuta. Hajiya, ki yi haƙuri, sabuwa ma tana ajiye mutum.

Baba Bakanike: Yaron nan bai yi ƙarya ba. Injin dizal na yanzu yana tura mai da matsi mai tsanani da ke kai 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ta ramukan nozul da ido da ƙyar yake gani. Ruwa kaɗan ko datti a mai ya isa ya kashe nozul da famfo. Ga matatar hayaƙi da ake kira DPF a jikin salansa, mai tare baƙin toka. Sai ta yi zafi kusan digiri 600 take ƙone abin da ta tara, wannan kuwa sai a doguwar tafiya. Motar da kullum gajeren zango take yi, tana tsayawa tana tashi, matatar toshewa take yi. Kuma an yi ta ne don dizal mai ƙarancin sulfa, irin na Turai da bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2022 kotun tarayya a Ostareliya ta yanke cewa wannan matatar tana da aibi a Hilux da Prado da Fortuner da aka sayar tsakanin 2015 da 2020. Sababbi fil aka sayar da su.

Shi ya sa nake cewa in za ka sayi sabuwa, ka sayi wadda aka ƙera don irin man da ke inda za ka yi aiki, daga dilan da ke da kayan gyaranta. Mafi hatsari a wurina ita ce ta hannu 'yar zamani da aka ƙera don wata ƙasa daban: ga lantarkin sabuwa, ga rashin garanti.

Hajiya Mai Kaji: Na yarda da wannan, Baba, kuma ita ce tambayar farko da nake yi wa dila. Amma har yanzu ba wanda ya yi maganar rai. A-kori-kura doguwa ce, in babu kaya bayanta ba nauyi, a kwana ko a jiƙaƙƙen titi sai ta watsa gindi. Na'urar da ke kama mota in ta fara zamewa ta zama dole a Amurka daga motocin 2012, a Tarayyar Turai kuma a 2014. Tsofaffin da Alhaji ke yabo ba su da ita, wasu ko jakar iskar da ke kare mutum in an yi karo babu. Yaran da ke tuƙa mini 'ya'yan mutane ne, ni zan kalli iyayensu in wani abu ya faru. Ko mai sayen ta hannu, ya duba da lambar shasi ko tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakar iskar kamfanin Takata, wadda ke fashewa ta watsa ƙarfe. Ta kashe mutane, har a cikin Ford Ranger na 2006.

Ɗan Kwangila: Maganar rai ba ni da amsarta, Hajiya, kuma ba zan sayi wadda ta tsufa har haka ba. Amma ban sauka daga kan ra'ayina ba ga mai irin aikina. In na zuba duk jarina a mota ɗaya sabuwa, da me zan sayi kayan aiki? Da kuɗinta zan iya samun ta hannu mai kyau, in ajiye na gyara a gefe, in kuma ci gaba da juya sauran. Bashin sabuwa duk wata yake zuwa, ko an biya ni kwangila ko ba a biya ba.

Malam Akanta: Wannan hujja ce mai ƙarfi, Alhaji, ta fi ta farkon. Sai dai ka sauya magana. Da ka ce duk wanda ya sayi sabuwa ya yi asara, yanzu kana cewa kai ba za ka ɗaure jarinka ba. Ta biyun na sa hannu, ta farkon ban sa ba. Kuma kuɗin gyaran nan da ka ce za ka ajiye, ka ajiye shi da gaske, don yawanci a baki yake tsayawa.

Ɗan Kwangila: Za a ajiye. Baba, akwai wata da aka yi mini tayi, dizal ce mai ƙofa huɗu, an ce ta wani kamfani ce kuma takardun sabis ɗinta na nan. Ko za ka raka ni?

Baba Bakanike: Zan je, in sha Allah, amma da sharaɗi biyu. Ka gaya wa mai ita kada ya tayar da ita kafin mu iso, ina so in dafa injin in ji shi da sanyi, in ga hayaƙin farko da idona. Shuɗi baƙin mai take ci, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ko nozul. Na biyu, za mu hau da ita kan rami in shiga ƙarƙashinta, sannan mu ɗora mata kaya mu hau tudu. In ya ƙi ko ɗaya daga ciki, ka sanar da ni tun da wuri kada mu ɓata man zuwa.