Taimako: rubutun tsohon ɗalibi ya ƙi shiga shafi

Salam jama'a. Ni ke gyara gajerun rubuce-rubuce na mujallar tsofaffin ɗaliban jami'armu, kowane rubutu an ba shi gurbin kalma 350 da hoto ɗaya. To wani dattijo cikin 'yan ajin farko ya turo nasa kalma wajen 900, rabi duk sunayen abokan ajinsa ne da malamansu, wasu ma sun rasu.

Na yanke a Word da Track Changes (mai nuna duk gyaran da aka yi) na mayar masa, ya ga jan layi ko'ina ransa ya ɓaci, wai na goge tarihi. Na dawo da sunayen na cire labarin ranar yaye su, sai rubutun ya zama kamar rajista, babu daɗin karatu ko kaɗan. A InDesign, manhajar tsara shafi, na rage girman harafi daga 10 zuwa 9, na matse hoton, amma jar alamar + ɗin nan mai nuna rubutu ya yi yawa tana nan daram a ƙasan akwatin, kuma masu karatunmu yawanci manya ne, in na ƙara ragewa wa zai iya gani?

Saura kwana uku a kai wa masu bugawa. Don Allah ya kuke yanke irin wannan rubutun ya dawo 350 ba tare da an zubar da sunayen ba?